Shekarar da Ingolf Bai Cika Tanki Ba

A tasharmu ta ƙananan jirage mutane kashi biyu ne, kuma kowa ya san ɓangarensa. Akwai masu inji, akwai masu filafili, wato waɗanda ke ɗaga ƙyalle su jira iska ta tura su. Ingolf Terjesen ɗan inji ne gaba da baya. Masu filafili ba shi da sunan da yake kiran su da shi sai masu shanya. In ya ga ɗayansu yana kokawa da igiyoyi a bakin tasha, sai ya rage gudu, ya leƙo kai ya tambaye shi ko zanin gadon ya bushe. Shekara da shekaru ba'ar ke nan guda ɗaya tal, bai taɓa sake mata ko kalma ba, kuma kullum shi yake fara dariya.

Ba haka siddan ya tsani ƙyallen ba. Mahaifinsa masunci ne, irin na da, mai ƙaramin jirgin katako. Ingolf yana yaro ya sha ganin tsohon ya dawo tafin hannu a fashe saboda tuƙi, ranar da iska ta ƙi kaɗawa, kifin kuma ya fara sauya wari tun kafin a kai shi kasuwa. Ranar da aka samo wani inji ɗan gwanjo aka ɗaura wa jirgin, uwarsu ta ja tsohon filafilin ta rufe itacen girki da shi, ba wanda ya sake waiwayar sa. Saboda haka a wurin Ingolf filafili talauci ne, ba wani abu ba. Har ya tsufa ya kasa gane yadda mutum mai albashi zai sa kuɗinsa ya sayi talauci, ya kuma kira shi shaƙatawa.

Shi aikinsa tuƙin motar dakon katako ne, daga dazuzzukan tudu zuwa masana'anta, har ya yi ritaya. A shekarun da mai ke da araha ya sayi Terna, farin jirgi mai ɗaki da ɗan wurin dafa kofi, da inji mai shan dizal kamar ba gobe. In ya taka ta, goshinta sai ya ɗaga sama, ta bar raƙuman ruwa a baya suna jijjiga duk wani jirgi da ke ɗaure. Ni kaina kofi nawa ya zubar mini a cinya, Allah kaɗai ya sani. Amma a faɗi gaskiya, in injinka ya ƙi tashi, Ingolf ne zai fara zuwa da sifana a hannu, ko da kuwa jiya kun yi cacar baki.

Matarsa Gunvor 'yar Kalvøy ce, tsibirin nan na can waje, na ƙarshe kafin buɗaɗɗen teku. Yanzu ba mai zama a can sai da bazara. Wata Lahadi a cikin Yuli duk wanda ke da asali a tsibirin yakan koma. Fasto ya yi addu'a a kan duwatsu, a cire ciyawar kaburbura, sannan a baje jatan lande da burodi da wainar fulawa a ci. Tun da suka yi aure Ingolf bai taɓa fashin kai Gunvor wannan taro ba, kuma da wannan yake tinƙaho fiye da komai. Ƙaninta Halvard, tsohon ma'aikacin gidan waya, shi mai shanya ne. Yakan yi sammako ya kama hanya a tsohon jirginsa na katako, Ingolf kuwa sai ya karya kumallo a tsanake, ya tarar da shi a tsakiyar hanya, ya wuce shi fuu, yana ɗaga masa hannu kamar sarki.

To, zuciyar Gunvor ta fara ba ta matsala. Da farko hawa bene ne yake gajiyar da ita, daga baya har zuwa kanti sai ta tsaya a hanya ta huta. Takan je asibiti ta dawo, ta ajiye jaka, ta ce, "Ingolf, likita ya ce..." Nan take sai Ingolf ya tuna ciyawa ta yi tsawo, ya fita ya tayar da injin yanka. Ko ya ƙara muryar rediyo wai ana hasashen yanayi. Ko ya ce bai tabbata ya ɗaure Terna da kyau ba, ya suri hula. Ba mugunta ba ce, kada a ɗauki alhakinsa. Tsoro ne, tsoro tsagwaronsa. Mutumin da ya sauko da mota cike da katako a kan ƙanƙara ba tare da gabansa ya faɗi ba, ya kasa zama ya ji ƙarshen jimla ɗaya daga bakin matarsa. Ita kuma Gunvor ba mai bin mutum da magana ba ce. In ya fita, sai ta ɗora ruwan kofi.

Ana cikin haka farashin mai ya yi tashin gwauron zabi. Tasharmu ta sauya kama cikin bazara ɗaya. Manyan jiragen inji suka zauna a ɗaure, masu su sukan zo ranar Asabar su goge gilashi, su zauna a ciki su sha kofi, su koma gida. Wasu suka manna takardar sayarwa, rana ta ci takardar ba wanda ya taya. Waɗanda suka daure suka fita kuwa, sai ka gan su suna rarrafe a kan ruwa, don kowa ya san in ka taka babban inji, kuɗin fanshonka ne ke fita ta bututun hayaƙi. Masu shanya fa abin nema ya samu. Su ma suna da 'yan injinansu na shiga da fita tasha, amma ɗan abin da suke sha bai taka kara ya karya ba. Sai su wuce ka baki har kunne, suna tambaya ko ka ji an ƙara kuɗin iska. Wallahi wani lokaci har ni sai da na ji kamar in jefe su da guga.

Ingolf ya sha mur, ya ce abin na ɗan lokaci ne. Ya daina zagayen yamma, ya daina fita kamun kifi in ba kusa ba. Gunvor ta ce ko za su bi Halvard zuwa Kalvøy a shekara mai zuwa, tunda shi hanyar kyauta yake yin ta. Ingolf ya ce ƙafarsa ba ta taɓa taka jirgin shanya ba, kuma ba da furfura za ta fara ba. Matarsa shi zai kai ta, a jirginsa, ko da kuwa zai sha kofi ba madara har ƙarshen shekara.

Da kaka ta yi, ranar fitar da jirage daga ruwa kafin sanyi ta zo. Aikin gayya ne a wurinmu, kowa da safar hannu, motar ɗaga kaya tana tsamo jirage ɗaya bayan ɗaya ana jera su a kan tudu ana rufewa da tampol. Kafin a tsamo naka kuwa, akwai abin da ko yaron goye ya sani: ka je famfo ka cika tanki fal. Tankin da aka bari da sarari yakan yi gumi daga ciki duk tsawon sanyi, ruwan ya taru a ƙasa, wata baƙar dauɗa mai yauƙi ta tsiro a tsakanin ruwan da man. Ingolf da bakinsa ya koya wa rabin tashar wannan. Amma ran nan ya tsaya a gaban famfo, ya dubi farashi, ya dubi girman tankin Terna, ya tuna kuɗin wutar ɗumama gida na nan tafe. Ya zuba ɗan abin da ya zuba don idon mutane, ya mayar da murfi. Ya ce wa ransa ai kafin ƙanƙara ta narke mai zai sauko, sai ya cika a lokacin. Bai gaya wa kowa ba.

Sanyin shekarar ya yi wa Gunvor nauyi. Ta kwanta asibiti, ta fito, ta rame. Ingolf ya koyi dafa dankali da wanke kwanuka, ya sauko da gadonsu ƙasa don kada ta hau bene, ya yi komai ban da zama. Da rana ta fara tsawo, magana ɗaya Gunvor take maimaitawa, ita dai bana tana son ta taka Kalvøy. Yadda take faɗin "bana" ɗin ya isa ya sa mai hankali ya tsaya. Ingolf ya ce mata ta kwantar da hankalinta, yaushe ya taɓa fashi?

Mai bai sauko ba, sai ma abin da ya ƙaru. Aka mayar da jirage ruwa, Ingolf ya ƙara dizal a kan na bara, daidai na zuwa da dawowa da ɗan rara. Ya gwada Terna a cikin tasha da bayan tsibiran kusa, inda ruwa ke kwance lumui, inji ya yi ta kiɗinsa lafiya lau. Ingolf ya yi ajiyar zuciya, ya ce ashe ma tsoron banza ne. Dauɗar kuwa tana nan kwance a gindin tanki, ba abin da ya motsa ta tukuna.

Ranar Lahadin ta zo da rana mai kyau da iska daga kudu maso yamma. Bana Ingolf ma sammako ya yi, tunda a hankali zai tafi. Ya shimfiɗa wa Gunvor bargo a kujerar kusa da shi, ya ajiye filas da kwandon abinci da ɗan manjagaran kaburbura. Suka tarar da Halvard a mashigin da ke tsakanin tsibirai. Wucewar bana ta ɗauki lokaci, har Halvard ya samu damar gaishe da yayarsa, ya tambaye ta ƙarfin jiki, ya kuma tambayi Ingolf ko Terna ce ta tsufa ko direban. Ingolf ya ce su haɗu a can, zai ajiye masa kawunan jatan lande.

Daga mashigin sai buɗaɗɗen ruwa, inda raƙuman teku ke shigowa ba abin da ya tare su. Terna ta fara tangaɗi, ta hau ta sauka, ta hau ta sauka. Ba su yi nisa ba inji ya yi tari. Ya ɗauka, ya sake tari, ya mutu.

Ingolf ya san ko mene ne tun kafin ya ɗaga murfi. Ya kwance filtar tace mai, ya same ta baƙa ƙirin, tana yauƙi. Yana da wata a ajiye, ya ɗaura, inji ya tashi, ya yi ɗan abin da ya yi, ya sake shaƙewa. Babu ta uku. Jirgi ya juya gefe ga raƙuman ruwa ya fara lilo, kwandon abinci ya zame ya bugi bango. Gunvor ta riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu, leɓɓanta sun sauya launi. Akwai jirgin ceto, waya ɗaya za a buga ya zo. Sai dai jirgin ceto gari yake mayar da mutum, ba ya kai kowa taron kaburbura. Ingolf ya riƙe wayar a hannu yana kallon Kalvøy can gaba, ana iya hango farin gidan da ke kan tudu.

"Kada ka kira su," in ji Gunvor. "Ga Halvard can."

Al'adarmu ce ba a yi wa wanda injinsa ya mutu ba'a a kan ruwa, sai an taka ƙasa. Halvard ya kiyaye wannan, ko da yake na san ta yi masa ɗaci. Ya sassauta filafili, ya matso, ya dubi baƙar filtar da ke yashe a ƙasan jirgi, ya dubi mijin yayarsa.

"Ka cika tanki da kaka?"

Ingolf ya sunkuya ya ɗauke filtar.

"Miƙo igiya," in ji Halvard.

Ɗan injin Halvard ba zai iya jan Terna har Kalvøy a kan waɗannan raƙuman ruwa ba, kowa a cikinsu ya sani. Abin da ya iya shi ne ya ja ta a hankali zuwa bayan wani dutse da ke kusa, inda ruwa ke kwance, akwai kuma zoben ƙarfe da mutanen dauri suka kafa a jikin dutsen. Suka ɗaure goshinta a zoben, suka jefa anka ta baya. Halvard ya ce ga yadda abin yake: ko Ingolf ya zauna ya yi gadin jirginsa shi ya wuce da Gunvor, ko su tafi su uku. Amma ya sani, jirginsa yana kwantawa gefe in iska ta cika filafili, shi kuma hannunsa na kan sandar tuƙi, dole wani ya riƙe ta.

Ingolf ya tsaya da mabuɗin Terna a hannu. Bai taɓa barin ta a wani wuri ba tare da idonsa a kanta ba. Ya kulle ƙofar ɗakin, ya miƙa wa Halvard kwando da filas da manjagara, sannan ya sunkuya ya ɗauki matarsa cak don ya tsallakar da ita. Ya shirya wa nauyin da ya sani, sai ya ji kamar ya ɗauki bargon kaɗai. Ya tsallaka da ita, ya zauna inda Halvard ya nuna masa, ya tokare ƙafa, ya rungume ta ta kafaɗa.

Da suka fito daga bayan dutsen Halvard ya kashe ɗan injinsa. Filafili ya cika, jirgi ya kwanta, ya kama gudu, gudun da Ingolf bai zata ba. Ba ƙara ko ɗaya sai ruwa yana shafar katako, igiya tana ɗan kuka, sai wani sauti ƙasa-ƙasa kamar ana jan iska ta tsinken ciyawa. Ya dubi sama, ya dubi igiyoyi, yana neman inda abin yake fitowa, don shi mutum ne da ba ya barin baƙon sauti a jirgi bai gano tushensa ba. Sai can ya gane daga ƙirjin Gunvor ne. Kowane numfashi sai ta jawo shi da ƙyar, ta ɗan huta, ta sake jawo wani. Ya tambaye ta ko jijjigar ce ta jawo haka.

"Haka yake tun bara," in ji ta.

Ya waiwaya hagu da dama. Ba rediyo, ba murfin inji da za a ɗaga, ba ko sifana. Ya tambayi Halvard ko akwai igiyar da zai ja masa. Halvard ya ce babu, ya riƙe abin da aka ba shi ya riƙe.

Gunvor ta ɗora hannu a gwiwarsa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma buƙaci hakan ba.

"Ingolf, likita ya ce ba za su yi mini tiyata ba. Zuciyar ba za ta ɗauka ba. Magani ne kawai, har zuwa inda ya kai."

Ya ce ai likitoci suna faɗin abubuwa da yawa. Ta ce haka ne, amma wannan likitoci uku ne suka faɗa. Ya juya ga Halvard kamar mai neman a kama masa gardama, sai ya ga Halvard ya kafa wa saman filafili ido, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Kai ka sani?"

"Tun kafin Kirsimeti," in ji Halvard. "Ni na raka ta."

Wannan ta fi komai yi masa ciwo, ta fi filtar, ta fi igiyar da aka ja Terna da ita. Yana can yana yankan ciyawar da ba ta yi tsawo ba, mai shanya ne ya zauna da matarsa a gaban likita. Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya biyo baya, idanunsa suka cika, ga shi hannuwansa duka biyu suna riƙe da ita, ba halin sharewa. Gunvor ta sa gefen bargo ta goge masa fuska, ta ce ba don ta sa shi kuka ta faɗa ba, akwai abubuwan da take son su shirya ne, kuma ta gaji da shirya su ita kaɗai.

Kalvøy ta matso. Ana ganin jirage a ɗaure a bakin dutse, mafi yawansu bana masu doguwar sandar filafili ne, mutane suna hawa tudu da kwanduna. Daga gefen tudun ga 'yar katangar duwatsu da ta zagaye kaburbura. Gunvor ta nuna da haɓa.

"Kusa da Mama akwai wuri. Na tambayi fasto, ya ce ana iya yi har yanzu. Nan nake so ka kawo ni. Ba ruwana da ko wane jirgi ne."

Halvard ya ce nan da ɗan lokaci zai sauke filafili ya tayar da inji don su shiga gaɓa, ya miƙa hannu wajen mabuɗi. Ingolf ya ɗaga kai.

"Dakata tukuna," ya ce. "Akwai sauran lokaci?"

Halvard ya dubi mutanen da ke hawa tudu, ya ce fasto bai ma iso ba, jirginsa ba ya cikin waɗanda ke ɗaure.

"To zagaya da mu ta bayan tsibirin."

Halvard ya janye hannunsa, ya tura sandar tuƙi, jirgi ya juya goshi ya bar gaɓa. Ingolf ya gyara wa matarsa bargo, ya matso da kunnensa kusa da bakinta don kada ta wahala.

"Ina jin ki," ya ce. "Fara daga farko, daga ranar da kika fara zuwa asibitin."